Ƙarfin Tururi, da Injiniyan da Ya Ja Dogo Zuwa Kano

Ko wane ɗan makaranta aka tambaya wane Bature ya fara mulkin Nijeriya ta Arewa, kafin a rufe baki zai ce Lugga. Amma in aka ce, to, wa ya gaje shi, sai ka ga aji ya yi tsit. Mutumin nan kuwa da aka manta, ko da ya ke bai cika shekara 3 a ƙasarmu ba, ya bar abu biyu waɗanda suka daɗe suna juya zaman talakawa, watau hanyar jirgin ƙasa wadda ta isa Kano, da dokar da ta hana a mallaka wa baƙo ƙasar noma. Sunansa Sir Percy Girouard, a baki sai a ce Jiruwa. Asalinsa injiniya ne na soja, wanda ya sakankance cewa babu sahara, babu kurmi, babu nisa da kan jirgi mai tururi ba ya iya ci, in dai an shimfiɗa masa ƙarfe an ba shi ruwa.

Watakila 'yan'uwanmu na Goronyo da Wurno da Rabah su ce, ina ruwanmu da wannan labari, mu da jirgi bai taɓa yin kuka a ƙasarmu ba? Ai wannan ne ma ya sa ya kamata mu san shi. Inda dogo ya bi da inda ya ƙi bi, duka biyu shawarar mutane ce, kuma ko wacce da dalilinta. Mu da za mu tsaya gaban yara, ba ya kyautuwa yaro ya tambaye mu don me jirgi ya tsaya Ƙaura Namoda mu rasa amsa.

Mu fara da tururin kansa. Kowa ya ga tukunya a kan murhu, ruwa ya tafasa, marfi yana rawa yana bugun bakinta. Abin da ke ɗaga marfin nan shi ne ke jan jirgin ƙasa da kayansa duka. Dalili kuwa, ruwa in ya zama tururi ya kan kumbura ƙwarai. Ƙwarya guda ta ruwa, in ta ƙone sarai, tururinta yana neman wurin da zai ci ƙwarya wajen 1,700. To, in aka rufe shi cikin tukunyar ƙarfe aka hana shi fita, wuta kuwa tana ci, sai ya riƙa tunkuɗar jikin tukunyar ta ko wane gefe yana neman hanya. Aikin injiniya duka shi ne ya buɗe masa hanya guda, ya sa masa kaya a kanta, don in zai fita ya tura kayan.

Ga yadda aka shirya kan jirgi. A baya, gaban direba, akwai murhu inda a ke zuba kwal ko itace. Gaban murhun akwai doguwar tukunya kwance cike da ruwa, an ratsa cikinta da ƙananan bututai masu yawa, kamar a jera karan dawa cikin kwatarniya. Zafin wuta da hayaƙi ta cikin bututan nan su ke bi, saboda haka ruwan yana samun zafi ta wuri ɗari maimakon ta gindi kaɗai, ya tafasa da sauri. Tururi ya taru a bisa. In direba ya ja ƙarfen da ke hannunsa, sai ya gangara zuwa wani bututu mai kauri kusa da ƙafafun gaba, wanda makanikai ke kira silinda. Cikinsa akwai wani faifan ƙarfe mai sanda wanda ya cika shi ɗam, shi ne fistin. In za ku kwatanta wa yara, ku ce turmi ne kwance da taɓarya a ciki, sai dai kan taɓaryar ya cika turmin har iska ba ta wucewa. Tururi ya shigo ta wannan gefe ya tura ta can, sa'an nan wani ɗan ƙyaure ya zame ya rufe wannan ƙofa ya buɗe ta ɗaya gefen, tururi ya komo da ita. Sandar kuwa an ɗaura ta jikin ƙafar jirgin, nesa kaɗan da cibiyarta, don haka kai da komowan nan ya zama juyi.

Akwai wata hikima nan wadda ta fi ba mu sha'awa. Tururin da ya gama aiki ba a sakinsa ko ina, sai a harba shi sama ta cikin bututun hayaƙi. Da fitarsa sai ya fizgo iska ta cikin murhu, kamar yadda zugazugin maƙeri ke hura wuta. Watau in jirgi ya ƙara ƙoƙari, wutarsa ma sai ta ƙara ruruwa da kanta. Wannan fita ita ce hucin da a ke ji. Kan jirgi mai silinda 2 yana huci sau 4 ko wane juyi na ƙafarsa, har mai kunne ya iya ƙidaya gudunsa daga nesa.

Amma dabbar nan tana da ci, tana da ɓarna. Cikin zafin da kwal ke bayarwa, abin da ke zama aiki bai kai kashi 1 cikin 10 ba, saura duk iska ke kwashewa. Ga ta kuma da ƙishirwa, gama nauyin ruwan da ta ke sha ya ninka na kwal ɗin da ta ke ci wajen sau 6. Ku riƙe wannan magana ta ruwa, za mu komo kanta.

Sa'an nan kwangiri. Ƙarfe mai santsi bisa ƙarfe mai santsi ba ya tirjiya kamar ƙafa cikin rairayi, shi ya sa ƙarfi kaɗan ke jan kaya mai yawa. Mu yi ɗan lissafi. Kayan ɗan alaro a zamanin Turawan farko laba 60 ne. Tan guda laba 2,240 ne, watau kayan mutum 37 ke nan da ɗoriya. Tarago guda mai cin tan 10 ya ɗauke wa mutum 370 kaya, su kuwa mutanen nan sai sun ci sun sha sun kwana a hanya. Sai dai santsin nan shi ne kuma raunin jirgi, don in ya gamu da hawa ƙafafunsa su kan yi ta juyawa wuri ɗaya, sai an zuba yashi bisa kwangirin. Don haka mai auna hanya ya ke gudun tudu, ya ke bin kwari yana kewaye-kewaye.

Ba mutum ɗaya ya ƙago wannan abu ba. Cikin 1712 Thomas Newcomen ya kafa injin tururi a Ingila don kwarfe ruwa daga ramin haƙar kwal. James Watt ya gyara shi, ya rage masa cin wuta, aka ba shi takardar mallakar dabararsa cikin 1769. Richard Trevithick ne ya fara ɗora inji bisa kwangiri ya ja kaya cikin 1804, amma ya mutu matalauci cikin 1833. George Stephenson ya ci amfanin abin. Shi ya buɗe hanyar Stockton zuwa Darlington cikin 1825, kuma cikin 1829 kan jirgin da shi da ɗansa Robert suka ƙera, mai suna Rocket, ya ci gasa da gudun wajen mil 30 cikin sa'a. Faɗin da ya bari tsakanin kwangiri biyu, ƙafa 4 da inci 8½, shi ne mafi yawan duniya ta bi.

An haifi Jiruwa cikin 1867 a Mantiriyal, ƙasar Kanada, gidan masu jin Faransanci, ubansa alƙali ne. Ya gama makarantar soja ta Kingston cikin 1886, ya yi shekara 2 yana aikin shimfiɗa dogo, kana ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Ingila cikin 1888. Aka ba shi kula da 'yan jiragen da ke jigila cikin ma'aikatar makamai ta Woolwich kusa da Landan. Ƙaramin aiki ne, amma nan ya koyi abin da ba a koyo a aji, watau yadda za a sa jirage da yawa su bi hanya guda ba su tare wa juna ba.

Sudan ce ta fid da sunansa. Mahadi ya ci Hartum cikin 1885, ya rasu cikin shekarar, Halifa Abdullahi ya gaje shi. Cikin 1896 Kicina, shugaban sojan Masar, ya tashi don karɓe ƙasar, ya kira Jiruwa ya danƙa masa aikin dogo, yana laftanan ɗan shekara 29. Kogin Nilu a wurin nan ya yi babban lanƙwasa, ga duwatsu cikinsa masu hana jirgin ruwa wucewa. Kicina ya so a yanke lanƙwasan, a ja dogo sak daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad, wajen mil 230 na sahara wadda ba gari ba kogi. Manyan masana aikin da yawa suka ce ba ya yiwuwa. Jiruwa ya zauna ya rubuta duk abin da za a bukata, tun daga kan jirgi har ƙusa da fitila, ya cika babban littafi, don ya san abin da aka manta a Ingila sai an yi watanni kafin ya iso.

Wahalar ita ce ruwan nan da muka ambata. Ko wane jirgi da zai tashi daga Halfa sai ya ɗauki ruwan zuwansa da na komowarsa, da wanda ma'aikatan da ke bakin aiki za su sha, kana in wuri ya saura a ɗora kwangiri. Ko wane mil aka ƙara, sai tankunan ruwa su ƙaru, kayan aiki su ragu. Kamar jaki ne wanda aka ce ya ɗauki harawarsa ta dukan tafiya, in tafiyar ta yi nisa harawar kaɗai za ta cika mangalar. Jiruwa ya lissafta wannan mil da mil, ya jera tashoshi cikin rairayi waɗanda ba su da suna sai lamba. Aka kuma yi sa'a, aka haƙa rijiya aka sami ruwa wuri biyu a tsakiyar hanya. An fara cikin Janairu 1897, ƙarshen Oktoba dogo ya shiga Abu Hamad, cikin Yuli 1898 ya kai Atbara.

Ranar 2 ga Satumba 1898 aka gwabza a Karari kusa da Omdurman. Mutanen Halifa fiye da 10,000 suka faɗi da safiya guda, na Kicina kuwa ba su kai 50 ba. A kan ce bindigogi masu ruwa ne suka yi wannan aiki, gaskiya ne, amma bindigogin da harsashinsu da abincin masu harba su duk dogo ya kawo. Kada mu ɓoye wa kanmu, gwanintar Jiruwa ta farko kayan yaƙi ce. Ƙasar nan kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa can, suka zauna bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin har yau sunansa Mai Wurno.

Daga nan aka ba Jiruwa shugabancin jiragen ƙasa na Masar, sa'an nan na soja a yaƙin Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902. Yana ɗan shekara 33 aka ba shi lambar girma ta Sir.

To, mu komo gida. Kafin zuwansa, abin da ke akwai na dogo a Arewa duka shi ne wata 'yar siririyar hanya da Lugga ya sa aka yi wajen 1901 da 1902, don ɗauko kaya daga bakin Kogin Kaduna zuwa Zungeru. Lugga ya daɗe yana roƙon a ba shi ta zuwa Kano. Masu masaƙun Lankasha a Ingila, waɗanda suka kafa ƙungiyar noman auduga cikin 1902, su ma suka matsa, don sun ji labarin audugar ƙasar Hausa, suna so su rage dogara ga ta Amurka. Tashin Satiru kusa da Sakkwato cikin 1906 kuwa ya nuna wa Turawa yadda sojansu ke daɗewa kafin su isa inda a ke nemansu. Gardamar da ta saura ita ce daga ina za a taso. Gwamnan Kudu, Egerton, yana so a miƙo hanyar Ikko wadda ta kai Badun tun 1901. Mutanen Arewa suna so tasu ta tashi daga bakin Kwara, don kada su zama 'yan amshin Ikko. Mista Churchill, wanda ya san aikin Jiruwa tun Sudan, shi ne a lokacin mataimakin ministan ƙasashen mulkin mallaka. Cikin 1907 aka aiko Jiruwa ya gaji Lugga, aka kuma yarda a yi hanyar duka biyu, su gamu a Minna.

Shawara biyu ya yanke waɗanda suka nuna shi ma'aikaci ne. Ta farko, ya ƙi siririyar hanya mai ƙafa 2 da inci 6, ya tsaya kan ƙafa 3 da inci 6, faɗin da ya yi aiki da shi a Sudan, wanda kuma shi ne na Ikko. Ba don haka ba, da sai an riƙa sauke ko wane buhu a Minna ana sake lodi. Ta biyu, ya ce a yi hanya mai araha, wajen fam 3,000 ko wane mil, ba manyan tashoshi, ba ado, in ciniki ya zo a gyara daga baya. Bai ba 'yan kwangila ba, sai ya danƙa wa ma'aikatar ayyuka ta gwamnati, ƙarƙashin shugabanta John Eaglesome, wanda shi ne ya tsaya kan aikin har ƙarshe.

Aka zaɓi Baro, ƙasar Nupe. A Sudan rashin ruwa ne ya dame shi, a nan kuwa lokacinsa. Manyan jiragen ruwa ba su iya hawowa Baro sai Kwara ta cika, watanni kaɗan a ƙarshen damina. Kwangirin shekara guda duk sai a kawo shi cikin 'yan makonnin nan, in aka makara sai baɗi. Daga Baro hanya ta bi ta Minna, ta haye Kogin Kaduna, ta shiga Zariya, ta isa Kano cikin Maris 1911, zamanin Sarki Abbas, mil 356. Aka buɗe ta ga 'yan kasuwa cikin 1912, shekarar da aka gama ta da ta Ikko suka zama hukuma guda. Shi Jiruwa bai ga wannan rana ba, an ɗauke shi tun 1909.

Amma wa ya riƙe diga? Littattafan Turawa sun yaba arahar hanyar nan, mu kuwa ya kamata mu tambayi inda arahar ta fito. Ba injin haƙa ko ɗaya, tudun da aka sare da kwarin da aka cike duk da diga ne da kwando a kai. Razdan ya gaya wa Sarki yawan mutanen da ya ke so, Sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, dagaci ya nuna wanda zai tafi. Ana biya, da kuɗin azurfa, kuma ta nan ne sule da sisi suka fara korar wuri daga kasuwanninmu. Amma biya bai mai da shi aikin ganin dama ba, gama wanda aka nuna ba shi da ikon cewa a'a, ko da gonarsa tana jiran noma. Nupawa da Gwarawa da talakawan Zazzau su suka fi ɗaukar nauyin, har da abincin da a ke karɓa daga ƙauyuka don ciyad da sansanin ma'aikata. Cikin 1909 mutanen Gusoro a ƙasar Gwari suka yi tawaye suka kashe wani Baturen mulki, aka aika musu da soja. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda aka yi aikin a zamaninsa, ya yi waƙa a kan abin, ita ce Waƙar Diga. A ganinmu, in malami zai rubuta sunan Jiruwa da Eaglesome a allo, ya bar wuri ƙarƙashinsu ya rubuta waɗannan kabilu.

Da jirgi ya iso, abin da aka yi shi dominsa bai zo ba. An kafa injin gurzar auduga a Zariya ana jiran dami, amma masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da tsada, manomi kuwa ba wawa ba ne. Sai ga gyaɗa, wadda ba wanda ya sa ta cikin lissafi. Kamfanonin Turai suna nemanta don mai. Fataken Kano, masu tafiya Gwanja sayen goro, su suka san ƙauyuka, suka ba da bashi, suka gaya wa manoma farashi. Cikin 1912 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta kai tan 3,000 ba, cikin 1913 ta wuce tan 19,000, har tashar Kano ta rasa taragon ɗiba. Cikin waɗanda suka ɗaukaka da wannan ciniki akwai Alhasan Ɗantata. Injiniya ya auna tudu da kwari daidai, amma manomin Kano ne ya zaɓi abin da jirgin zai ɗauka.

Wasu suka samu, wasu suka rasa. Ayarin Tarabulus, wanda dā ya riga ya raunana, ya ƙarasa mutuwa. Jar fatar akuyar Sakkwato, wadda raƙuma ke ƙetare sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, ta juya ta bi Ikko. Goro ya daina zuwa a jaki daga Gwanja. Kaduna, wadda ba kowa ba ce, ta zama mazaunin Gwamna cikin 1917 don dogo ya bi ta kanta. Baro kuwa, da aka gama gadar Jebba cikin 1916 jirgi ya riƙa wucewa Ikko ba yankewa, sai ta fara komawa ƙauye.

Abu na biyu da ya bari shi ne dokar ƙasa. Ya lura cewa inda dogo ya bi ƙasa ta kan yi daraja, masu kuɗi su saye ta su kori masu ita. Ya sa aka kafa kwamiti a Landan cikin 1908, daga nan aka fid da dokar 1910 wadda ta ce ƙasar Arewa ba ta sayarwa ba ce, tana hannun Gwamna ya riƙe domin 'yan ƙasa. Wannan ta tsare mu daga gandayen Turawa, ko da ya ke ta ɗora wa Gwamna ikon da dā ba nasa ba ne. Dokar 1962 ta Arewa da ta 1978 ta Nijeriya duka jikokinta ne. Abin mamaki kuwa, mutumin nan da kansa, da ya koma Gwamnan Kenya, shi ya sa aka tashi Masai daga makiyayarsu ta Laikipiya cikin 1911 don a ba Turawa, bayan an yi musu alkawari cikin 1904 ba za a taɓa su ba. Rigimar nan ce ta raba shi da aikin cikin 1912. Ya koma kamfanin ƙera makamai, ya rasu a Landan ranar 26 ga Satumba 1932.

Yanzu ga amsar yaron nan. Bayan Kano, ba a ja dogo ko ina ba sai inda aka ga kaya mai nauyi da zai biya kuɗinsa. An ja siririya daga Zariya zuwa ƙasar Jos don kuza, aka gama cikin 1914. An ja ta Fatakwal zuwa Inugu cikin 1916 don kwal, wanda ya zama abincin jiragen ƙasar duka. An ja ta Zariya ta bi Funtuwa da Gusau don auduga da gyaɗar Katsina ta kudu da Zamfara, ta tsaya Ƙaura Namoda cikin 1929, ta Nguru kuma cikin 1930. Daga Ƙaura zuwa yamma lissafin Turawa bai nuna musu riba ba, ga shi kuma tattalin arzikin duniya ya rushe cikin 1929 ɗin, ga mota ta fara shigowa. Sakkwato, wadda sarakunan Kano da Zazzau ke kai wa gaisuwa, sai ta koma ita ce a ƙarshen hanya. Shinkafar fadamar Rima da albasa da fatu, in za su ga jirgi, sai jaki da raƙumi sun bi da su ta Sabon Birni da Isa da Shinkafi har Ƙaura, kuɗin dako ya cinye abin da manomi zai samu. Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, da ya ke karatu a Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, a ƙasa su ke takawa, tafiyar kwana 7. Cikin 1938 Gusau aka kai shi ya kula da gabashin ƙasar Sakkwato, gama can ne tasha ta jawo kamfanoni da kuɗi.

Zamanin tururi kansa ya wuce. Daga wajen 1955 aka fara kawo kan jirgi mai shan man dizal, wanda ba ya bukatar tankin ruwa ko wace tasha, ba ya jiran a jawo masa kwal tun daga Inugu, kuma ba ya zubad da kashi 9 cikin 10 na abincinsa. Sannu a hankali masu hucin suka koma gefen tasha suna tsatsa. Dogo ya kai Maiduguri cikin 1964, amma har yau bai kai Sakkwato ba. Sababbin hanyoyi, irin ta Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe cikin 2016, da ta Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da aka ƙaddamar cikin 2021, sun bar faɗin Jiruwa sun koma na Stephenson. Jirgin da aka ƙera wa sabuwar hanya ba ya hawa tsohuwa wadda ta tsaya Ƙaura, gama tsakaninsu akwai ƙafa 1 da inci 2½.